Man Da Baba Ya Zaɓa

Litinin, 3 ga wata, 1:20 na rana

Mai kawo mana kaya ya zo yau da labarin da ban so ba. Man tayar da muke shafawa shekara goma sha shida ya daina zuwa, wai kamfanin ya bar yin sa. Abin da ya rage mana a jarka ba zai wuce mako ba, shi ma sai an yi tsimi. Ya ajiye mana kwalabe uku na gwaji a kan benci, ya ce mu zaɓa kafin Juma'a.

Na ɗaya mai silikon ne, yana warin kananzir, in ka shafa sai taya ta riƙa walƙiya kamar an jiƙa ta. Na biyu fari ne kamar madara, da ruwa ake haɗa shi, yana shiga roba ya bushe, taya ta fito baƙa wuluk ba sheƙi. Shi ya fi kama da tsohon namu. Na uku mai kauri ne, sai an matso shi kamar man goge baki.

Ni ke yin odar kaya a wurin nan, ni ke gyaran cikin mota, kujeru da dashbod da darduma. Yaya na kan injin feshi da gugar fenti. Taya kuwa ta Baba ce. Shi ya buɗe wurin wankin nan tun ina rarrafe, ya yi ta sakar mana aiki ɗaya bayan ɗaya har ya rage masa taya kaɗai. Ita ce aikin ƙarshe kafin a miƙa wa mai mota makullinsa, kuma daga ni har Yaya babu mai taɓa sosonsa. Saboda haka zaɓin ma nasa ne.

Ya ɗauki kwalbar farko ya daɗe yana kallo. Gefen da babu takarda yake kallo. Mai kaya ya dube ni, ni kuma na dubi injin feshi.

"Uwata, karanta mini," in ji Baba. "'Yan kamfanin nan sun koma rubutu kamar sawun tururuwa."

Na karanta masa duka ukun. Rubutun ba ƙanana ba ne.

Talata, 4 ga wata, 10:00 na safe

An yi gwaji a bayan rumfa, a kan tsohuwar tayar da ke jingine da bango. Baba bai yarda da takardar kamfani ba, bai yarda da bakin mai kaya ba, tayar nan kawai ya yarda da ita. Ya dirje ta da burushi da sabulu har kumfar ta daina fitowa da ruwan ƙasa-ƙasa, ya bar ta ta bushe, ya raba gefenta uku da alli, kowane kashi da mansa. Za ta sha rana da ƙura kwana biyu, a watsa mata bokitin ruwa, sannan a yi hukunci.

Layin alli na biyu ya karkace ya hau kan na farko. Da ya juya ɗauko soso sai Yaya ya goge ya sake ja.

Ban damu da gwajin ba, don na san amsar. Tun muna yara Baba ke zagin mai sheƙi. Wai taya ba goshin mai talla ba ce da za a lafta mata mai. Ya taɓa sallamar wani ma'aikaci a kan haka, mutum da gemunsa, don ya shigo da kwalbar silikon a ɓoye. Har na cike takardar odar mai madara na ajiye a durowa.

Alhamis, 6 ga wata, 3:45 na yamma

Mai sheƙi ya zaɓa.

Mu uku muna tsaye a gaban tayar. Kashin mai sheƙi ya kwashi ƙura har ya koma ruwan toka a ƙasa-ƙasa, na mai kauri ya yi zane-zane, na madara kuwa tas kamar yau aka fito da tayar daga shago. Baba ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya matsa har rana ta haska tayar, sannan ya nuna.

"Wannan."

Yaya ya tuntsire da dariya, ya ɗauka wasa ne. "Baba, kai da ka kori mutum a kan wannan man?"

"Zamani ya canza. Mutanen yanzu sheƙi suke so."

"Amma Baba, dubi ƙurar da..."

"Kai ne mai taya ko ni?"

Shi ke nan, an rufe taro. Na yaga takardar da na cike na rubuta wata, jarka biyu na mai sheƙi. Haushi ya hana ni cin abincin rana, kuma ban ma san wa nake jin haushi ba.

Asabar, 8 ga wata, 9:00 na safe

Man ya iso. Duk rumfar warin kananzir.

Litinin, 10 ga wata, 5:30 na yamma

Farin Ƙyalle ya dawo mana da mota biyu. Manajan kamfanin hayar motoci ne, motoci tara yake kawo mana sau uku a mako, dukkansu farare, kuma su ne fiye da rabin aikinmu. Sunan ya samo asali ne daga hankicin da yake zarowa daga aljihu ya shafa jikin mota kafin ya karɓi makulli. Yau bai ma wahalar da hankicin ba. Ƙofofin baya duka sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Man ne bai shiga roba ba, da mota ta ɗauki gudu sai taya ta fantsama shi a fenti.

Mutumin yana da kirki, bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Malama, tsoho lafiya kuwa? Shekara takwas ina zuwa nan, ban taɓa ganin haka ba."

Na ce sabon mai ne muke gwadawa. Baba ya ce direbobin ne suka ja mota kafin ya bushe. Gaskiyar ita ce a lafte yake, har yana tsiyaya a kan rim, ƙarfen da taya ke zaune a kai. Yaya ya ɓata awa ɗaya da rabi yana goge ɗigon da man gugar fenti, yana yi yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Da muka zo rufe sito sai ya tsaya a bakin ƙofa. "Auta, lokaci ya yi da Baba zai zauna a gida ya huta. Kin san abin da nake nufi. Idon nan..."

"Ban san komai ba. In kana da magana ga shi can yana wanke soso, je ka faɗa masa."

Bai je ba. Na san ba zai je ba, shi ya sa na faɗa. Baba zai ci gaba da tayarsa muddin ina wurin nan.

Talata, 11 ga wata, 12:10 na rana

Yau na bar kujerun wata mota a jiƙe na zauna ina kallonsa yana aiki.

Ya sa an fitar masa da motar daga inuwa zuwa tsakiyar rana. Shi da ya hana mu shafa komai a roba mai zafi tun muna 'yan makaranta. Ya zauna a kan kujerarsa ta tsuguno, ya shafa, ya ja baya, ya karkata kai har tayar ta kama rana ta yi wal. Inda ya yi wal ya wuce. Inda bai yi ba ya ƙara mai, ya sake ƙarawa, har sai ya yi.

Mai madara in ya sha roba baƙi ne a kan baƙi, babu abin da zai nuna maka inda ka shafa da inda ka tsallake. Mai sheƙi kuwa yana kama haske, yana nuna kansa. Ba don mutanen zamani ya zaɓe shi ba.

Na koma cikin motar na rufe ƙofa na kunna injin tsotsar ƙura, ko da yake na riga na gama tsotsa.

Laraba, 12 ga wata, 6:00 na yamma

Na samo dabara. Duk motar da Baba ya gama, sai in ce zan zagaya da ita baya in duba darduma. A can nake bin tayoyin da busasshen tsumma in kwashe rarar man. Yau ranar Farin Ƙyalle ce, taya talatin da shida, ban da na sauran mutane. Bayana kamar ba nawa ba.

Hankici ya fito fari. Yaya ya ga abin da nake yi, ya girgiza kai ya ci gaba da feshinsa.

Juma'a, 14 ga wata, 7:00 na yamma

Na biya gida bayan an tashi. Baba ya fita wurin abokansa a ƙofar layi, na samu Umma ita kaɗai tana ninke kaya. Ina shiga na ja kujerar falo don in zauna kusa da ita, sai ta ce, "Mayar da ita inda kika same ta."

Sai a lokacin na kalli falon da kyau. Umma da ba ta iya wata guda ba ta juya kujeru ba, komai yana nan inda na bar shi tun bara. An ɗauke ƙaramin teburin tsakiya. An naɗe dardumar bakin ƙofa. Kofin Baba na shayi da rediyonsa da carbinsa suna jere a hannun kujerarsa na dama, kamar an auna da rula.

"Umma, tun yaushe?"

"Wata bakwai da na lura. Allah kaɗai ya san tun yaushe shi ya lura."

"Kuma ba ki faɗa mana ba?"

"In faɗa muku ku yi me? Na yi maganar asibiti har bakina ya gaji. Ya ce in an je za su ce ya bar aiki." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ke, ubanku ƙarfe shida ya gama shiri, takalmi a ƙafa. Shekara arba'in haka nake ganinsa. In kuka karɓe tayar nan, ki gaya mini me zai sa takalmi ya je yi?"

Na ce babu mai karɓewa. Ta kalle ni irin kallon da take mini in na yi ƙarya ina ƙarama, ta ci gaba da ninki.

Asabar, 15 ga wata, 2:00 na rana

Asiri ya tonu. Wani mai jif ya makara bai zo ɗaukar motarsa ba, na dawo da ita gaba na ajiye. Baba yana wucewa ya dafa tayar don ya gyara takalmi, sai ya tsaya cak. Ya shafa ta da tafin hannu, ya zagaya ya shafa ta baya.

"Wa ke bin bayana?"

Yaya ya kashe inji.

"Na ce wa ke bin bayana da tsumma?"

"Ni ce, Baba."

Na sha wankin babban bargo a gaban kwastoma biyu. Wai shi zan gyara wa aiki, ni da ya koya wa riƙon soso. Wai in ya zama abin tausayi a wurin da ya gina da hannunsa, gara a faɗa masa a fuska. Na buɗe baki zan faɗa masa a fuskar, wallahi na buɗe, sai abin da ya fito shi ne, "Ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Lahadi, 16 ga wata, 11:00 na safe

Na je gaishe su. Bai ce Uwata ba. "Ke" ya ce.

Litinin, 17 ga wata, 4:50 na yamma

Na cika alkawari, ban bi bayansa ba.

Wata mata mai ƙaramar jar mota, malamar makaranta ce, takan zo duk bayan mako biyu. Ta karɓi makulli, ta ja, ta zo gangaren bakin get inda simintin yake a jiƙe kullum, ta taka birki don wani mai keke. Motar ba ta tsaya ba. Ta zame a hankali kamar ana tura ta, ta je ta daki durom ɗin ruwa. Mai keken ya sha da ƙyar. 'Ya'yanta biyu suna kujerar baya.

Babu wanda ya ji ciwo. Fitila ɗaya ta fashe, Yaya ya ce mu za mu sa. Da ta tafi sai ya kira ni ya nuna mini abin da ya gani kafin ya wanke mata. Man ya sauka har tafin tayar, inda take taka ƙasa, ya kuma shiga ta cikin rim ya taɓa faifan birki. Ko sabon shiga ya san nan ne wuri biyun da mai ba ya zuwa.

A sito muka yi ta, da ƙofa a rufe. Na ce simintin ne. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shi dama so yake ya zama mai wuri. Da ma ban faɗi wannan ba, don ba gaskiya ba ne.

"Kina tsammanin ke kaɗai ya haifa?" Idonsa ya yi jajur. "Ni ma ubana ne, Auta. Da a kan babban titi ne fa? Da yaran nan ne fa? Zuwa Juma'a, ko ke ki faɗa masa ya bar taya ko ni in faɗa."

Da muka fito Baba yana zaune a kan kujerarsa kusa da durom ɗin, hannunsa a kan inda ya lotsa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gobe wani ya kai ni asibitin."

Talata, 18 ga wata, 3:00 na yamma

An je, ni da Yaya da shi. Likitar ta yi bayani tana zana da'ira a takarda, ta miƙa wa Baba don ya duba, sai ta janye hannunta a hankali ta miƙo mini. An ba da maganin ɗigawa, safe da yamma. Ta ce zai iya riƙe abin da ya rage na wani lokaci. Abin da ya tafi ya tafi. Ta tambaye mu me ya hana mu zuwa tun bara.

A wurin ajiye motoci Baba ya danna tayar baya ta motar Yaya da babban yatsa ya ce iskarta ta ragu. Da aka auna, ta ragu.

Laraba, 19 ga wata, 9:30 na safe

Na kira mai kaya. Na ce ina son man da ba ya sheƙi amma ana ganinsa a jikin taya lokacin da ake sawa, ya zauna ana ganinsa na 'yan mintuna. Ya ce akwai na gwangwani mai fitowa da kumfa fara, sai dai na masu wanki a gida ne, gwangwani ɗaya mota huɗu ya ƙare, masu sana'a ba sa ɗauka. Na ce ya kawo kwali guda. Bai tambaye ni dalili ba, Allah ya saka masa.

Alhamis, 20 ga wata, 1:00 na rana

Na ajiye gwangwanin a kan kujerarsa. Ya girgiza shi, ya shinshina, ya ce kayan ragwaye. Sannan ya fesa.

Farin zobe ya zagaye baƙar taya, fari tas. Baba ya ja baya, sai na ji ya yi dariya, irin wadda na manta yana yi.

"Ga ta nan! Uwata, zo ki ga 'yar banza!"

Na zo na gani. Na ce masa kumfa tana gangarawa, bari in riƙe masa kwali a kan rim da ƙasan tayar don kada ta shiga inda ba a so, in ta narke kuma in bi da tsumma. Ya ce to, amma in sani shi ke aikin, ni kwali nake riƙewa. Na ce na sani.

Na faɗa wa Yaya ya ɗaga Juma'arsa. Ya ce mako ɗaya. Ya ce kuma in daina yi masa kallon kamar shi ya kawo ciwon.

Asabar, 22 ga wata, 5:00 na yamma

Kwana uku lafiya lau. Babu ɗigo, babu ƙorafi. Gwangwani tara sun tafi. Umma ta ce ya ci abinci har da ƙari.

Litinin, 24 ga wata, 2:40 na rana

Hadari tun safe, rumfa ta yi duhu-duhu ko da mun kunna fitilu. Muna kan mota ta shida ta Farin Ƙyalle wani ya kira ni a kan tabon kofi a kujerarsa. Minti biyu na yi, ko uku.

Na dawo na samu Baba zaune a gaban tayar gaba, gwangwani a hannu, bai motsa ba. Kumfa ta rufe tayar fari fat, tazarar da ke tsakaninta da fuskarsa ba ta kai tsawon hannu ba. Ya ji takuna, ya rage murya don kada Yaya ya ji.

"Uwata, na yi wannan ko ban yi ba?"

"Ka yi, Baba."

"To."

Ya rufe gwangwanin ya ajiye a ƙasa. Ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya daɗe yana wankewa. Ya ce wa Yaya ya kai shi gida, kansa na ciwo. Sauran motoci ukun suka tafi da taya wankakkiya ba mai, don ban iya ɗaukar gwangwanin ba.

Talata, 25 ga wata, 10:15 na safe

Bai zo ba. Na kira mai kaya na tambaye shi ko akwai mai ruwan ɗorawa, ko mai kumfar da ta fi wannan yawa, ko wanda ake ji a hannu, ko mai ƙamshi mai ƙarfi. Ya bar ni na gama.

"Malama," ya ce, "duk abin da ake yi a duniyar man taya na kawo muku. Abin da kike nema ba ya cikin kwalba."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Daga baya na tura masa saƙon ban haƙuri.

Laraba, 26 ga wata, 12:30 na rana

Ya zo ƙarfe bakwai, tsaf da shi. Bai nufi kujerarsa ba. Ya ce mu biyo shi bayan rumfa, ni da Yaya.

Tsohuwar tayar gwaji tana nan, mako uku tana shan rana da ruwan sama. Ya durƙusa ya bi gefenta da tafin hannu a hankali. A kashin mai sheƙi ya murza yatsu, yashi ya maƙale masa, ya goge a wando. "Wannan danƙo ne kawai, kuma na san ya fara ja." Ya yi ja kuwa. A na mai kauri ya ce, "Rabi ya tafi da ruwa." Da ya zo na madara hannunsa ya wuce sumul. Ya koma ya sake bi.

"Tun ranar farko na san wannan ne. Ki mayar wa mutumin nan da jarkarsa da gwangwanayensa. Ki yi odar wannan."

"Baba, wannan ai ba ya nunawa. In ya bushe ba za ka..."

"Na sani. Ba ni zan shafa ba."

Na ce akwai wasu fitilu masu ƙarfi da za a iya sawa a rumfa. Na ce shekaranjiya hadari ne kawai. Na ce maganin bai gama kama jiki ba. Yaya ya riƙe mini hannu, na fizge.

"Uwata, ya isa. Kin yi iya yinki, har kin wuce." Ya dafa bango ya miƙe. "Yayanki hannunsa nauyi gare shi, taya ba ta son haka. Ke za ki yi. Ki dirje ta sai kumfa ta fito fara. Ki bari ta bushe ƙayau. Mai kaɗan a soso, kada ki zuba a taya. Shafa biyu marasa kauri, minti goma a tsakani, sannan busasshen tsumma. A inuwa, kin ji ko? Abin da kika ga ina yi a rana kwanakin nan ki manta da shi."

Yaya ya juya yana gyara tiyon da babu abin da ya same shi. Baba ya ce a kai shi gida, kuma a bi ta wurin mai iska a duba tayar nan ta baya.

Alhamis, 27 ga wata, 6:10 na yamma

Mai madara ya iso. Na yi mota bakwai. Kujerar Baba ta yi mini gajarta, gwiwa har haɓa, amma ban canza ta ba. Umma ta ce ƙarfe shida ya shirya, ya sa takalmi, ya zauna a falo da rediyo har azahar.

Juma'a, 28 ga wata, 7:15 na yamma

Farin Ƙyalle ya zo da kansa ɗaukar ta ƙarshe. Ya zagaya motar, ya zaro hankici, ya shafa ƙofa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sunkuya ya shafa gefen tayar kanta. Ya ɗaga hankicin, fari.

"Yauwa! Tsoho ya dawo da hannunsa. Na san ba zai bar mu da wancan shirmen ba. Wannan aikin shekara arba'in ne, ba a koyonsa a littafi. Ina yake?"

"Ya ɗan fita."

"Ki gaishe shi. Ki ce na ga aiki."

Na ce zai ji. Har da sauri na tafi gida, ina ta murna da tsarabar da zan kai masa. Na same shi a kujerarsa, Umma ta gama ɗiga masa magani, ruwan yana gangarowa a kumatunsa. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da sunkuyon da hankicin. Ya yi murmushi, ya sa na maimaita wurin shekara arba'in ɗin.

Sannan ya ce, "Kin gaya masa ba ni na yi ba?"

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce ka ɗan fita."

Ya goge kumatunsa da bayan hannu. "Litinin in ya zo ki gaya masa aikinki ne. Ban taɓa karɓar yabo a kan tayar da ban shafa ba, ba zan fara da tsufana ba. Kuma ki gaya masa dalili da bakinki, kada ya tsinta a bakin direbobi. Mutumin ya yi mana halacci."

"Baba, in ce masa me?"

"Abin da yake. Kin fi kowa sani, ke kika riƙe kwali."

Na ce to. Umma ta tashi ta shiga kicin.

Na dawo na bi littafin nan tun daga shafin farko. Na rubuta kwalabe, na rubuta jarka, na rubuta kumfa da durom da hankici, mako huɗu ina zagaye. Litinin sai na faɗa da baki a gaban mutum, ina tsaye, ba tare da muryata ta yi rawa ba. Gara in fara gwadawa a nan inda babu mai ji.

Baba ba ya gani.